KUNAMA A GIDAJENMU: YADDA ZA MU TSARE KANMU DA IYALANMU

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, jami'in kiwon lafiya mai ritaya, ɗan asalin ƙasar 'Yankwashi, ya gabatar a wajen taronmu na shekara-shekara.)



Da farko ina miƙa godiyata ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ga dacewar ba ni dama in tsaya a gabanku, alhali kuwa a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru nesa ba kusa ba. Lokacin da Sakatare ya aiko mini da takarda yana neman in faɗi abin da zan yi magana a kansa, sai na rubuta masa kalma ɗaya tak, watau kunama. Kwana biyu tsakani sai ga shi ya bugo waya yana cewa, "Yaya, anya ba kuskure ka yi ba kuwa? Jama'a fa za su taso daga Kano da Kaduna da Abuja, sai a tara su a yi musu zancen kunama?" Na ce masa ya yi haƙuri ya bar ni, in an tashi taro ya yanke hukunci.

Dalilaina na zaɓen wannan batu guda biyu ne, kuma duka biyun da idona na gan su.

Na farko a nan makarantar ya faru, muna aji ɗaya, tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Bazara ce, zafi ya koro mu daga ɗakin kwana, muka baje tabarmi a waje. Da asuba aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya zabura yana laluben kayansa a cikin duhu saboda tsoron bulalar firifet. Wani abokina ya zura ƙafa cikin kambas ɗinsa, sai muka ji ihun da har 'yan aji biyar suka fito. Kafin ka ce kwabo an kewaye shi, kowa ya zama likita. Wannan ya ce a ɗaure ƙafar da igiya kada dafi ya hau, wancan ya ce a tsaga da reza, wani ya ruga ya tsiyayo kananzir daga fitila, wani kuma ya ce a murƙushe kunamar a shafa masa a wurin. Allah ya taimake shi malamin da ke kula da ɗakunan kwana ya iso, ya kore mu, ya ɗora shi a babur ya kai shi asibiti aka yi masa allura. Kafin azahar ya dawo yana neman tuwonsa. Ba zan faɗi sunansa ba, amma yana cikin ɗakin nan, ga shi can yana sunkuyar da kai. Na kuma sami labari har yau ba ya sa takalmi sai ya kakkaɓe, don wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Na biyu babu abin dariya a cikinsa. Bayan na kama aiki an tura ni wani ƙaramin asibiti a karkara. Wata rana da asuba aka buga mini ƙofa, na buɗe na ga wani magidanci rungume da 'yarsa 'yar shekara uku. Kunama ce ta harbe ta a hannu tun bayan sallar isha'i, tana kwance a tabarma a tsakar gida. An ɗaure hannun da tsumma, an shafa abin da aka shafa, an ɗura mata jiƙo, aka ce a bari gari ya waye. Sa'ad da ta zo hannuna jikinta ya yi sanyi ƙalau, ta jiƙe sharkaf da gumi, numfashi yana fita da ƙyar, kumfa tana fitowa ta baki. Muka nemi mota don kai ta babban asibiti, amma rai ya yi halinsa a kan hanya. Maganar da mahaifinta ya faɗa mini ranar har yau tana kunnena. Cewa ya yi, "Malam, ni fa kunama ta harbe ni ya fi sau goma, ban taɓa zuwa asibiti ba. Wallahi ban san tana kisa ba." Mutumin nan yana son 'yarsa kamar yadda kowannenmu yake son tasa. Mun yarda kwananta ne ya ƙare, to amma an umarce mu da neman magani, kuma abin da ya hana shi nema a kan lokaci rashin sani ne. Tun daga ranar na ɗauki alkawari duk inda aka ba ni bakin magana sai na yi zancen kunama.

MECE CE KUNAMA?

Mutane da yawa suna lissafa kunama cikin ƙwari irin su fara da kyankyaso, alhali kuwa dangin gizo-gizo da kaska ce. Ƙafafunta takwas, ga hannaye biyu masu kama da awartaki da take cafke abinci da su, ga kuma wutsiya mai gaɓoɓi wadda ƙari yake a ƙarshenta, tare da jakar dafi. Masana sun ƙididdige fiye da iri 2,000 na kunamu a duniya, kuma kowace tana da dafi, sai dai waɗanda dafinsu kan iya kashe ɗan Adam 'yan kaɗan ne, galibi ana ƙiyasta su tsakanin iri 25 zuwa 30. Abin da ya shafe mu shi ne kusan dukkan masu haɗarin nan 'yan gida ɗaya ne, kuma da yawa daga cikinsu ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama su ne mazauninsu.

A wajenmu kowa ya san duwu, baƙar kunamar nan ƙatuwa mai manyan hannaye, wadda ganinta kaɗai kan sa mutum ya ja da baya. Kowa kuma ya san 'yar ƙaramar nan mai launin ƙasa ko ja-ja, mai siraran hannaye, wadda ake yawan samu a ɗaki. Abin mamaki, duwu duk da girmansa dafinsa bai kai na ƙaramar ba, domin shi da ƙarfin hannu yake kama abincinsa, ita kuwa da dafi ta dogara. Saboda haka ƙa'idar da masana suke bayarwa ita ce, in ka ga siraran hannaye da kakkaurar wutsiya, ka yi hattara ƙwarai. Launi ba ya nuna komai, don akwai baƙaƙe masu kaurin wutsiya a ƙasashen hamada waɗanda suke cikin mafi mugun dafi a duniya. Ban ce kowa ya tsaya yana auna wutsiyar kunama da dare ba. Duk wadda ka gani, ɗauke ta a matsayin mai haɗari.

Kunama da dare take yawo. Da rana tana maƙale a ƙarƙashin dutse, ko cikin tsagar bango, ko ɓawon itace, ko ramin da ta haƙa. Idanunta ba su da ƙarfin gani, da motsin ƙasa take gane abin da ke kusa da ita, ta wasu 'yan gasu da ke ƙafafunta. Abincinta kyankyaso ne da gyare da gara da gizo-gizo, kuma tana iya yin watanni ba ta ci komai ba, shi ya sa rufe ɗaki a yi tafiya ba ya kashe ta. Ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, 'ya'yan su hau gadon bayanta su zauna har sai sun yi saɓar farko sannan su watse. Ganin haka ne ya sa ake cewa wai 'ya'yan kunama cinye uwarsu suke yi, alhali goyo ne take yi. Darasin da ke nan shi ne duk inda ka ga mai goyo, ko ka ga ƙanana, to ka ƙara bincike, akwai saura.

Har ila yau, kunama ba ta farautar mutum. Tana harbi ne in an taka ta, ko an danne ta, ko an zura hannu inda take. Wannan albishir ne, domin yana nufin yawancin harbin da ake yi mana muna iya kauce masa.

LOKACINTA DA WURARENTA

Ƙasarmu ta dace da ita. Duwatsun da suka kewaye Kazaure da Roni maɓoya ce, haka nan jigayin Babura da Gwiwa da namu na 'Yankwashi, tun daga Karkarna har Achilafiya. Ga gine-ginenmu na ƙasa masu tsagewa in sun sha rana, ga dangar kara, ga rumbu, ga tarin itace a bayan ɗaki.

Lokuta uku ne harbi ya fi yawa. Na farko bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke fito da ita, mu kuma zafin ya fito da mu tsakar gida mu kwanta a ƙasa. Na biyu faɗuwar damina, sa'ad da ruwa ke cika ramukanta ta nemi busasshen wuri, ɗakunanmu kuwa su ne mafi kusa. Na uku kaka, lokacin ɗaukar dami da harawa da kara, inda takan biyo kaya har cikin gida.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. A 2008 wasu masana biyu 'yan Faransa, Jean-Philippe Chippaux da Max Goyffon, sun tattara alƙaluma daga ƙasashe daban-daban, suka ƙiyasta cewa kunama tana harbin mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu 200 a kowace shekara, fiye da 3,000 kuma suna mutuwa. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, binciken da aka yi a sashen yara na asibitin Agadas a 1999 ya nuna kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu da aka kwantar saboda harbin kunama bai tashi ba. A watan Nuwamba na 2021 kuma an yi ruwa da iska mai ƙarfi a Aswan ta ƙasar Masar, kunamu suka fito daga ramukansu suka shiga gidaje, aka kai mutum fiye da 500 asibiti. Kunamun hamada sun fi namu dafi, amma labarin da na ba ku ɗazu ya isa ya nuna cewa namu ma ba abin rainawa ba ne.

ME YA SA YARO YA FI SHIGA HAƊARI?

Nan ne amsar maganar mahaifin yarinyar nan take. Dafin kunama jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki yake kamawa, ya sa su yi ta aika saƙo ba tsayawa, kamar a ce wani ya danna hon ɗin mota ya ƙi saki. A wajen babba yawanci abin yakan tsaya a wurin harbin, watau azabar zafi da tsatstsafa da jin kamar ana tsira allura, wani lokaci har a ji zafin yana hawa zuwa hammata ko matse-matsi. Bayan wasu sa'o'i, ko kwana ɗaya, sai ya lafa. In kuwa dafin ya yi wa jiki yawa, sai ya taɓa jijiyoyin da ke sarrafa zuciya da numfashi, zuciya ta yi ta bugawa har ta gaji, ruwa ya taru a huhu.

Yanzu ku duba. Dafin da kunama za ta zuba wa ƙato mai nauyin kilo 70, shi za ta zuba wa yaro mai kilo 12. Cokali ɗaya na gishiri a randa ba a jin sa, amma zuba shi a ƙaramin kofi ka ɗanɗana. Shi ya sa uba zai sha harbi sau goma ya tashi, ɗansa kuma ɗaya ta kayar da shi. Bayan yara ƙanana, tsofaffi da masu ciwon zuciya ko hawan jini su ma suna bukatar kulawa ta musamman.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Mu fara da wajen gida. Kunama abu biyu take nema, maɓoya da abinci, in ka hana ta su za ta nemi wani wuri. Tarin bulo da duwatsun da muka ajiye shekara da shekaru muna jiran ranar gini, da tsofaffin tayoyi, da fasassun tukwane, da juji a bakin ƙofa, duk gidaje ne muka gina mata kyauta. A nisanta su daga ɗakunan kwana. Itacen girki da kara a ɗora su a kan wani abu, kada su taɓa ƙasa, kada kuma a jingina su da bangon ɗaki. A share ciyawa a gindin katanga. Waɗanda suka girma sun tuna zamanin duba-gari, da kuma tsaftar gari ta zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a da aka fara a 1984. Abin da aka tilasta mana a da, ya kamata yanzu mu yi shi don kanmu.

Sai ginin kansa. Kafin bazara a bi bango a toshe duk wata tsaga, a sabunta yaɓe da daɓe, a toshe ramukan ɓera da na gara. A duba ƙasan ƙofa, domin kunama tana iya lallaɓawa ta kafar da ba ka zato. A kula da wuraren da ke da danshi, watau gindin randa da makewayi da magudanar ruwa, don nan kyankyaso ke taruwa, ita kuwa inda kyankyaso yake nan take. Uwargida da ta rufe abinci ta share ɗakin girki da dare ta yi rabin yaƙin. Masu kiwon kaji da zabi su ma sun sami mataimaka, domin suna tsince ƙwari, kuma suna cin kunamar kanta in sun gan ta.

Sai wurin kwana, wanda shi ne mafi muhimmanci. In da hali, kada yaro ya kwana a ƙasa, ko gadon kara ne a yi masa. A janye gado daga jikin bango, kada zane ya sauko ya taɓa ƙasa. Kunama ba ta iya hawa abu mai santsi, saboda haka ana iya zura ƙafafun gado cikin gwangwani mai santsi ko kwalba mai faɗin baki. Gidan sauron nan da ake rabawa don zazzaɓin cizon sauro, in aka cusa gefensa a ƙarƙashin katifa ko tabarma, yana tare kunama, musamman wadda kan faɗo daga rufin azara ko jinka. Kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwanta kuwa abu ne da addini ma ya koyar da mu, sai dai mun yi sakaci da shi.

Sai ɗabi'unmu na yau da kullum. A kakkaɓe takalmi da riga da hula kafin a sa. Kada a bar kayan yara a zube a ƙasa su kwana. Kada a fita da dare ba takalmi ba tocila, ko da zuwa makewayi ne, kuma a koya wa yara haka tun suna ƙanana. Kada a zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse ko cikin rumbu ba a haska ba. Mai ɗaukar dami ya fara juya shi da sanda. Yaran da ke haƙar gyare da farautar ƙadangaru a ja musu kunne.

Akwai wata dabara mai sauƙi da na so ku gwada. Jikin kunama yana ƙyalli a ƙarƙashin hasken nan mai launin shuni da ake duba jabun kuɗi da shi. In ka sami tocila mai irin wannan haske, ka kewaya tsakar gida da ita bayan isha'i, za ka hango kunama tana walƙiya kore-kore tun daga nesa. In ka gan ta, da doguwar sanda ko bayan fartanya za ka kashe ta, ba da hannu ba, ba kuma da silifas ba.

Ina jan hankali game da feshi. Kunama ba ta mutuwa da feshi cikin sauƙi kamar sauro, don tana ɓoye a inda maganin ba ya kai wa. Mutane sukan zuba fiya-fiya a ɗaki su rufe ƙofa da yara a ciki, wasu har ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu sukan ajiye a ƙarƙashin gado. Wannan guba ce mai kisa, haɗarinta ya fi na kunamar. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan guba a kasuwanni saboda yawan rayukan da ake rasawa. In za a yi feshi, a nemi ma'aikacin da ya san aikin, a fitar da mutane da abinci, kada a koma sai iska ta ratsa ɗakin sosai.

IDAN TA YI HARBI FA?

Abu na farko a kwantar da hankalin wanda aka harba, a zaunar da shi, a hana shi guje-guje. A wanke wurin da ruwa da sabulu. A cire zobe ko awarwaro ko agogo in a hannu ne. A ɗora tsumma mai sanyi, ko ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle in akwai, kamar minti goma a ɗauke a sake. A ba shi farasitamol gwargwadon shekarunsa. A lura da lokacin da abin ya faru, don ma'aikacin lafiya zai tambaya.

Abubuwan da ba a yi kuwa su ne waɗanda muka so yi wa abokina. Ba a ɗaurewa, don ɗauri ba ya tsare dafi, jini yake tsarewa, ya lalata gaɓa. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ƙonawa, ba a zuba kananzir ko fetur ko baƙin cikin batir, ba a kuma jona wa mutum wayar fulogin babur. Duk waɗannan ƙarin rauni ne, kuma ƙofa ce ga ciwon sandarewar jiki da sauran cututtuka. Kada a ɗura wa yaro jiƙo ko madara ko manja, musamman in numfashinsa ya canja, domin yana iya shaƙewa. Na san akwai masu cewa sun ga an yi kaza an warke. Gaskiyar magana ita ce yawancin manya da kansu suke warkewa, ko an yi magani ko ba a yi ba, sai maganin ya ɗauki yabo. Addu'a kuwa a yi ta, amma a yi ta ana tafiya asibiti.

Ga alamomin haɗari, ina roƙon kowa ya riƙe su: gumi mai yawa, dalalar miyau, amai, rashin natsuwa da fizge-fizge, jujjuyawar idanu, karkarwar jiki, bugun zuciya da sauri, sanyin hannu da ƙafa, numfashi da ƙyar, kumfa a baki, sai kuma miƙewar gaba ga yaro namiji. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a tare da shi, babba ne ko yaro, a garzaya da shi babban asibiti, na Kazaure ko na Babura ko duk wanda ya fi kusa. Yaro ƙarami kuwa, musamman wanda bai wuce shekara biyar ba, kada a jira alama. Da an harbe shi a tafi, ko da ƙarfe biyu na dare ne, domin alamomin nan a cikin sa'o'in farko suke bayyana, kuma gara su bayyana yana gaban ma'aikaci.

A asibiti akan yi allurar kashe zafi a wurin harbin, a duba bugun zuciya da numfashi da hawan jini, a yi rigakafin ciwon sandarewar jiki in da bukata, a ajiye mutum a sa masa ido. In abin ya yi tsanani akwai taimakon numfashi da magungunan da ke sassauta wa zuciya. A nan ya kamata in ambaci wani likitan karkara a Indiya, Dokta Himmatrao Bawaskar, wanda ya ga yadda jar kunama ke kashe mutanen yankinsa, ya yi ta bincike har ya gano a shekarun 1980 cewa wani maganin hawan jini mai araha, prazosin, yana ceton waɗanda dafi ya taɓa wa zuciya. Mace-mace suka ragu ƙwarai, kuma gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lambar girma a 2022. Wannan magani likita ne kaɗai ke ba da shi, kada wani ya je kemis ya saya. Na kawo labarin ne don ɗalibanmu su ga cewa daga ƙaramin asibitin ƙauye ma ana iya yi wa duniya aiki.

Wani abu kuma, in da dare ne ba a ga abin da ya yi harbin ba, kada a yanke cewa kunama ce. Harbin kunama zafi ne mai tsanani amma kumburinsa kaɗan ne. In wurin yana kumbura yana hawa, ko jini ya ƙi tsayawa, ko dasashi yana zubar da jini, to a yi zaton maciji, musamman kububuwa, a gaggauta zuwa asibiti. Allurar dafin maciji daban take, ba ta aiki a kan dafin kunama.

ME ƘUNGIYARMU ZA TA IYA YI?

Mai girma Shugaba, ina da shawarwari huɗu da nake miƙa wa kwamiti.

Na ɗaya, mu fara da gida. Kafin bazara mai zuwa mu kewaya ɗakunan kwanan makarantar nan tare da hukumar makaranta, mu toshe tsagogi, mu gyara ƙofofi da fitilun hanyar makewayi, mu kwashe tarkacen da ke bayan gine-gine. 'Yan buhunan siminti da ranar Asabar guda sun isa.

Na biyu, waɗanda suke aikin lafiya a cikinmu, kuma muna da yawa, kowa ya ɗauki makarantun firamare da Islamiyyu biyu ko uku na garinsu ya je ya yi wannan bayani. A ba makarantun matan aure muhimmanci, don uwa ce take kusa da yaro sa'ad da abin ke faruwa.

Na uku, mu tuntuɓi ƙananan asibitocin mazaɓunmu mu ji abin da suke bukata na allurar kashe zafi da fitila mai aiki da hasken rana, mu taimaka gwargwadon hali. Mu kuma roƙe su su riƙa rubuta duk wanda aka kawo da harbin kunama, da shekarunsa da watan da abin ya faru, domin da alƙaluma ake tunkarar hukuma.

Na huɗu, mu yi magana da dagatai da masu unguwanni a kan abin hawa na dare. A kowane gari a san mai mota ko mai babur da za a tasa in ta-ɓaci, kowa ya riƙe lambarsa, a kuma yi ɗan asusu na kuɗin mai. Yarinyar da na ba ku labari, da an taso da ita tun isha'i, da wataƙila yau tana da nata 'ya'yan.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, makarantar nan ta ba mu ilmi, iyayenmu da ke ƙauye su suka sayar da awaki da gero suka biya mana kuɗin littafi. Mafi ƙarancin abin da za mu saka musu da shi shi ne mu mayar musu da abin da muka sani. In kun koma gida, ku faɗa wa iyali abu uku: a kakkaɓe kafin a sa ko a kwanta, kada a ɗaure kada a tsaga, yaro kuma in an harbe shi ba a jiran gari ya waye. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

 Malam Sakatare, yanzu sai ka yanke hukuncinka. Kuskuren da na yi a yafe mini. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya kare mu da zuri'armu, ya mai da kowa gidansa lafiya.